Kwabo Mai Huji a Kasuwar Bahri

Babban birnin Sudan gari uku ne da ruwa ya raba, gadoji suka haɗa. Khartum tana tsakanin Farin Nilu da Shuɗin Nilu, Umdurman tana yamma, Bahri kuma tana arewa, tana hango 'yan uwanta biyu ta ƙetaren kogi. A Bahrin nan, a wani lungu da ba shi da nisa da babbar tashar motoci, akwai wani Bahaushe da ya shafe fiye da shekara arba'in a kanti guda yana sayar da sukari da ganyen shayi da ashana da sabulu. A nan aka haife shi. Da Larabcin Sudan yake ciniki, da shi yake faɗa, da shi yake mafarki. Hausa kuwa sai in ya shiga gida wajen mahaifiyarsa. 'Yan kasuwa sun san shi da wata ɗabi'a da suke yi masa dariya a kai: ba ya jefa kuɗin ƙarfe a aljihun tebur sai ya juya shi gaba da baya ya duba.

Ɗabi'ar ta samo asali ne daga wata cuta da aka yi masa. Cikin azumin 1979, yana saurayi, bai daɗe da karɓar kantin daga hannun mahaifinsa ba, jama'a suka yi masa caa gab da shan ruwa, kowa yana miƙo kuɗi yana son a sallame shi. Bayan sallar asham da ya zazzage cinikin a kan tabarma yana ƙirgawa, sai ya ga wani farin ƙarfe mai huji a tsakiya ya saje da 'yan girshi goma-goma. A gefe guda akwai tauraro mai tsini shida, a ɗaya gefen kambin sarauta da rubutun boko da ɗan Larabci a ƙasa. Ba kuɗin Sudan ba ne, ba na Masar ba ne. Wani ya cusa masa shi cikin cunkoso ya tafi da kayan girshi goma a banza. Ransa ya ɓaci, ya jefa shi aljihu da niyyar wurgarwa.

Da ya shiga gida ya tarar da mahaifiyarsa a bakin murhu tana dama kunun sahur. Da yake shi ne ɗan fari, ba ta taɓa kiran sunansa ba. Ya ajiye ƙarfen a gabanta ya ce, "Inna, dubi abin da aka cuce ni da shi yau."

Ta ɗauka ta kai kusa da fitila. Ta daɗe ba ta ce komai ba, har kunun ya soma kamawa a gindin tukunya. Can ta ce, "Kai, ina ka samo kwabo?"

Bai taɓa jin kalmar ba. A daren nan ta zaunar da shi ta jera masa sunaye kamar mai biya karatun allo. Anini goma shi ne kwabo ɗaya. Rabin kwabo shi ne ɗari. Kwabo da rabi ahu, kwabo uku taro, shida sisi, tara nai, goma sha biyu sule. Sule biyu fataka, wasu su ce dala. Sule ashirin fam guda. Ta ce masa masu hujin nan a zare ake shirya su a ɗaura a ƙugu, kuma da irinsu ne mahaifinta ya yi guzuri ranar da suka bar ƙauyensu a ƙasar Haɗeja da niyyar aikin hajji, tana yarinya ba ta kai aure ba. Suka bi ta Maiduguri zuwa Fort Lamy, wadda yanzu ake kira Njamena, suka ratsa Abeshe suka shiga Junaina, daga nan Fashir, daga nan Ubayyid inda suka fara ganin jirgin ƙasan Sudan. Kwabban sun ƙare tun kafin su fita ƙasar Faransa. Suka tsaya tsintar auduga a gonakin Jazira don su tara kuɗin ƙarasawa, tsayuwar da ta zama zama. A can mahaifinta ya rasu, a can aka yi mata aure.

Labarin nata ba baƙo ba ne a Sudan. Tun kafin zuwan Turawa mahajjatan ƙasar Hausa suke bin wannan hanya da ƙafa, kuma bayan an kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi a 1903, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja ragowar jama'a gabas suka kafa garin Mai Wurno a bakin Shuɗin Nilu, kusa da Sinnar. Da aka buɗe madatsar ruwan Sinnar a 1925 aka fara noman auduga gadan-gadan a Jazira, aikin ya riƙe dubban matafiya. Amma shi mai kantin bai taɓa jin nasu labarin filla-filla ba sai daren da kwabo ya buɗe bakin tsohuwa. Ya gane cewa akwai ɗakuna a cikin Hausar mahaifiyarsa da bai taɓa shiga ba, domin ba a taɓa samun dalilin buɗe su ba. Wa zai ambaci taro a garin da ba a kashe taro?

Daga ranar ya samo gwangwanin madara ya ajiye a ƙarƙashin tebur. Hanyar samun kayansa a buɗe take, domin mai kanti kullum cikin neman canji yake, abin da Larabawan Sudan suke kira fakka. Wani lokaci ya je banki ya karɓo jakar tsaba a ɗaure, wani lokaci ya sayi canji a hannun yaran mota na tasha, waɗanda suke yini suna karɓar kuɗi daga hannun mutanen Shambat da Halfaya da Kobar da baƙin da suka sauka daga ƙauye. Jakar banki ta fi tsabta, amma ta yaran mota ta fi albarka, saboda ba a tace ta ba. Yakan zazzage ta a kan faifai da dare, ya ware abin ciniki gefe, ya bi sauran ɗaya bayan ɗaya.

Abin da ya fara tarawa shi ne kuɗin 'yancin kai. Sudan ta sami mulkin kanta ranar 1 ga Janairu 1956, kuma a shekarar aka buga mata tsabar kuɗinta na farko don su maye gurbin na Masar. Fam ɗaya, wato jine a bakin mutanen ƙasar, girshi 100 ne, girshi ɗaya kuma milim 10. Aka fitar da milim 1 da 2 da 5 da 10 na jan ƙarfe, da girshi 2 da 5 da 10 na fari. Dukkansu suna ɗauke da hoton mutum a kan raƙumi yana sukuwa, wato ɗan aiken gidan waya, hoton da ya fara fitowa a kan sarkin Sudan tun 1898. Bayan Ja'afar Numairi ya karɓi mulki a Mayun 1969 aka ƙara wa sunan ƙasar kalmar dimokuraɗiyya, ba a jima ba raƙumin ya sauka, tsuntsun tambarin ƙasa mai buɗaɗɗun fikafikai ya hau. A lokacin da mai kantin ya fara tarawa masu raƙumi suna nan suna yawo, sai dai kullum raguwa suke yi. Ya sa wa kansa buri ya haɗa kowane iri da kowace shekara da ya iya samu.

A nan ne ya koyi karanta shekara. Kuɗin Sudan suna ɗauke da lissafi biyu, na Hijira da na Miladiyya, kamar 1376 da 1956 a kan na farkon. Amma wasu tsofaffin na Hijira kaɗai suke da shi, sai wani malamin makaranta da ke sayen shayi a wajensa ya koya masa dabara: a ninka shekarar Hijira da 97, a raba da 100, a ƙara 622, za a faɗa kan shekarar Miladiyya ko dab da ita. Ya kuma gargaɗe shi game da kuɗin Masar na zamanin Daular Usmaniyya, cewa babbar lambar da ke jikinsu shekarar hawan sarki ce, sai an haɗa ta da ƙaramar lambar da ke nuna shekarunsa a kan gado kafin a san lokacin bugawa. Kuɗin Masar kuwa sukan ɓullo jefi-jefi a jakar yaran mota: mai kan Sarki Faruk da jar dara, mai kan mahaifinsa Fu'ad, har sau biyu ya tsinci masu huji na zamanin Sultan Husaini Kamil, bugun 1917. Su ne kuɗin da aka biya kakansa da su a gonar auduga.

Wani abu da ya ba shi mamaki shi ne yadda Larabcin kasuwa ma yake da irin sunayen da Inna ta jera masa. Milim biyar ta'arifa ake ce masa, girshi biyu farini, girshi biyar shilin, girshi goma riyal, takardar girshi ashirin da biyar kuma ɗarrada. Ya lura shilin ɗin nan da sulen mahaifiyarsa kalma ɗaya ce ta Ingilishi da ta bi hanya biyu, ɗaya ta sauka Kano, ɗaya ta sauka Khartum, sai ga su sun haɗu a bakinsa. Haka riyal da liyari, babban kuɗin azurfar nan mai kan Sarauniya Mariya Tariza da matan ƙasar Hausa suke ratayawa a wuya. Kwabo kansa daga sunan jan ƙarfe ne a Ingilishi, ko da yake wanda ke hannunsa fari ne. Ɗari kuwa ya fi su duka tsufa, domin ya tuna da zamanin da ake canza rabin kwabo da wuri ɗari, kuma ita kanta kalmar kuɗi jam'in wuri ce. Mai cewa an kashe kuɗi wuri na gugar wuri yana ambaton abin da kakanninsa suka daina ciniki da shi tun kusan ƙarni guda.

Ba duk abin da ke cikin gwangwanin ne ya zo ta hanyar canji ba. Wata rana ya haye gadar Shambat zuwa kasuwar Umdurman sarin kaya, ya ga wani maƙerin azurfa da kwanon tarkacen da zai narkar. A ciki ya hango riyal na Halifa Abdullahi, wanda ya gaji Mahadi a 1885 ya yi mulki daga Umdurman har zuwa yaƙin Karari a Satumbar 1898. A jikinsa an rubuta cewa a Umdurman aka buga shi, an kuma rubuta kalmar makabul, wato karɓaɓɓe. Maƙerin ya sayar masa da arha, yana cewa azurfar da ke ciki ba ta kai wahalar hura wuta ba. Gaskiya ya faɗa, domin a shekarun ƙarshe na mulkin Halifa an yi ta rage azurfar ana ƙara jan ƙarfe, har 'yan kasuwa suka riƙa gudun kuɗin. Mai kantin yakan ce kuɗin da sai an rubuta masa karɓaɓɓe a goshi, to da ma akwai masu ƙin karɓa. A wajen maƙerin nan ya sayi liyari guda, ya yi ta murna ya sami abin shekara 200, sai daga baya ya ji cewa duk liyarin da aka buga bayan rasuwar sarauniyar 1780 ake rubuta masa, ko da jiya ya fito daga maƙera.

Wannan ba shi ne kuskurensa mafi tsada ba. Da yake mutum ne mai son tsabta, ya kwashe shekaru yana goge kayansa da lemun tsami da toka har su riƙa walƙiya. Ranar da ya kai su wa wani dillalin tsofaffin kaya a Khartum don ya ji abin da za su yi, mutumin ya dube su ya girgiza kai ya ce, "Ya Hajji, wa ya yi maka wannan ɓarna?" Ya bayyana masa cewa duhun da shekaru suke shafa wa ƙarfe shi masu saye suke nema, gogewa kuwa tana cinye zane ta bar ƙananan tsagogi, iyakar abin da ake yi wa tsohon kuɗi shi ne a riƙe shi ta gefe a ajiye shi inda babu laima. Sai mai kantin ya ciro kwabonsa, wanda yake ganin shi ne sarkin gwangwanin. Bugun 1936 ne, da sunan Sarki Edward na Takwas na Ingila, wanda ya sauka daga gadon sarauta a Disambar shekarar kafin a fitar da kuɗi da sunansa a ƙasarsa. Afirka ta Yamma tana cikin 'yan wuraren da aka riga aka buga wa. Dillalin ya yarda labarin yana da daɗi, amma ya ce an buga su da yawan gaske, kuɗin da zai bayar bai wuce na ƙwaryar agashe ba, wato tsiren da Hausawa suka koya wa Sudan ci. Mai kantin ya mai da kwabonsa aljihu. A kan gada yana komawa Bahri ya tarar ransa bai ɓaci ba. Ya gane da ma ba sayarwa ya je yi ba, kuma a daren ya zura kwabon cikin zoben mabuɗan kanti.

Shekaru suka yi ta tafiya, kuɗi suna mutuwa a hannun mutane. Tsadar kaya ta kori milim, ta kori girshi. A 1992 aka kawo dinari, kowane ɗaya a kan fam 10, kuma a shekarar Inna ta rasu ba ta ga Makka ba, ba ta koma Haɗeja ba. A 2007, bayan yarjejeniyar zaman lafiya da Kudu, aka dawo da fam, sabo ɗaya a kan dinari 100, wato tsohon fam 1,000. Sababbin tsabar suka zo da hoton dalar tsohuwar daular Kush da sa da kurciya, su ma ba su daɗe ba suka bi sahun na gaba. Amma bakin mutane bai bi hukuma ba. Shekara da shekaru bayan canjin, mai sayen burodi yana miƙa fam ɗaya yana cewa dubu, mai sayen akuya yana kiran fam dubu miliyan. Haka Bahaushen Nijeriya ya ci gaba da kiran naira biyu fam bayan an kawo naira a 1973, haka na Nijar har gobe yake ƙirga sefa da dala, biyar-biyar. Gwamnati tana iya janye ƙarfe cikin wata guda, suna kuwa sai ya ga dama yake tafiya. Har yanzu wanda bai taɓa ganin anini ba yana rantsuwa ba shi da ko anini, kuma ana fita neman taro da sisi a garuruwan da taro da sisi ba sa sayen ko ƙwayar gyaɗa.

Abin da ya dame shi shi ne a gidansa sunayen ma tafiya suke yi. 'Ya'yansa suna jin Hausa amma da Larabci suke amsawa. Jikokinsa kuwa in ban da sannu da na gode ba su da komai. Ya sha ɗauko gwangwanin ranar Juma'a don ya nuna musu, su duba na minti biyu su koma kan waya.

Ranar 15 ga Afrilu 2023, cikin goman ƙarshe na azumi, yaƙi ya ɓarke tsakanin sojoji da dakarun RSF. Bahri tana cikin wuraren da wuta ta fi ci. Famfo ya ƙafe tun kwanakin farko, mutane suka koma ɗibar ruwa a kogi harsashi yana wucewa ta kansu. Bayan 'yan makonni ya kulle kanti ya kwashi iyalinsa suka nufi Shandi a arewa. Mota ba ta da wurin gwangwani mai nauyin dutsen niƙa. Yana can ya ji an karya gadar Shambat a Nuwambar shekarar. Kusan shekara biyu yana zaune a ɗakin aro, mabuɗan kanti suna aljihunsa da kwabo a jiki.

Da sojoji suka karɓe Bahri a farkon 2025 ya dawo duba abin da ya rage, tare da babban ɗansa da wata jikarsa 'yar shekara tara da ta nace sai ta biyo su. Mabuɗan ba su yi amfani ba, domin babu ƙofar. An kwashe kaya, an ɗauke firji, har wayoyin lantarki an zare daga bango. Gwangwanin yana kife a tsakar kanti. Ga alama wanda ya ɗaga shi ya ji nauyi ya zaci zinariya ce, da ya buɗe ya ga abin da ba ya sayen komai sai ya watsar. Liyarin da riyal na Halifa sun tafi. Sauran suna nan warwatse cikin ƙura da fasassun kwalabe, sun yi baƙi ƙirin, irin baƙin da dillalin Khartum ya ce ana nema.

Ɗan ya ce, "Baba, mu bar wannan, mu fara neman ƙofa." Tsohon bai amsa ba. Ya aro rariya a maƙwabta ya zauna a ƙasa yana tankaɗe ƙura. Ya san ba za a ƙara cika gwangwanin ba, domin yanzu ko mai shayi da manhajar Bankak ake biyansa a waya, ba kuma yaron motar da zai kawo jakar canji. Abin da ya fito daga rariyar nan shi ne iyakar abin da za a samu.

Yarinyar ta tsuguna kusa da shi tana tsince masu raƙumi tana jerawa a kan murfin gwangwani. Can idonta ya kai kan mabuɗan da ya ajiye a gefe. Ta ɗaga su ta leƙa shi ta cikin hujin, ta tambaye shi da Larabci, "Jiddu, wannan fa mene ne?"

Ya amsa mata da Hausa. "Kwabo ke nan, amarya."

Ta gwada faɗa, ya fito mata kawabo. Ya maimaita, ta maimaita, har ya zauna daidai. Ya ce mata rabinsa ɗari, harafin farko ya ƙi fita daga bakinta, suka yi ta fama tana dariya. Ta ce, to in guda uku ne fa? Ya ajiye rariyar ya gyara zama, ya fara mata daga anini.